Makullin rumbu da lafiyar mace



Yau zan taɓo wata magana wadda ba a saba yin ta a dandali ba. Maganar jinin al'ada ce, da ciki, da shayarwa, da maƙoƙo. Na san wani zai ce: ina ruwan namiji da wannan? Ruwanmu a ciki babba ne, domin makullin rumbu a aljihunmu yake. A ganina, da yawa cikin matsalolin jikin mata waɗanda muke ɗora wa iskoki, ko maita, ko sammun kishiya, daga bakin rumbu suke farowa.

Wata damina, cikin watan Agusta, na biya ta wani ƙauye na arewacin Maraɗi inda muke da ajin mata da rani. Wata tsohuwa ta ja ni gefe, ta ce: "Malam, kai da ka yi lakol, in tambaye ka. Ɗiyata wata uku ba ta ga wanki ba. An auna, ba ciki. Dangin mijinta sun ce jifa aka yi mata." Na ce: "Inna, mi take ci daga safe zuwa dare?" Ta yi shiru, sannan ta ce: "Fura da ruwa, ba nono. Da dare in an samu tafasa a dafa." Na ce: "Aiki fa?" Ta ce tun asuba tana daka, ta je rijiya, ta kai fura gandu, ta kama hauya har azahar, sannan ta wuce gamanarta, ta komo da itace bisa kai.

Ni ba lokotoro ba ne. Na ce su kai ta likita, kuma sun kai ta. Aka tarar ta rame ƙwarai, jininta ya yi ƙasa. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce a ciyar da ita. Bayan kaka, da sabon hatsi da wake suka shigo gida, al'adarta ta komo. Kafin nan, iyayen sun riga sun sayar da akuya sun kai wa mai cire jifa. Akuyar nan ita ce mai ba gidan nono.

To, ƙaƙa yunwa take tsayar da jinin al'ada?

Jikin mutum kamar babban gari ne. Sassa suna da nisa da juna, kuma dole su ji daga juna. Saboda haka akwai ƴan aike masu yawo cikin jini, suna kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Masana suna kiran su hormon. Ido ba ya ganin su, kuma kaɗan ne ƙwarai, amma su ke cewa yarinya ta balaga, su ke cewa nono ya kawo ruwa, su ke tsare ciki har wata tara. Wasu ƙananan gaɓoɓi ne ke yin su. Akwai ɗaya ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta wuce ƙwayar wake ba. Akwai ɗaya a gaban wuya. Akwai biyu bisa ƙoda. Akwai ɗaya bayan tumbi, mai kula da sukarin jini. Ga mace kuma akwai gidajen ƙwai biyu, ɗaya dama da mahaifa, ɗaya hagu.

Kowane wata ƙwaƙwalwa tana aika wa gidan ƙwai cewa ya nunar da ƙwai guda. Shi kuma gidan ƙwai ya aika wa mahaifa cewa ta yi shimfiɗa, baƙo yana tafe. In ciki bai shiga ba, shimfiɗar ta zube. Wannan shi ne jinin al'ada. Ga mace mai lafiya, daga farkon wani jini zuwa farkon na gaba kwana 21 ne zuwa 35, kuma jinin ba ya wuce mako guda.

Amma ƙwaƙwalwa tana da lissafi. Tana auna cimakar da ke shiga da ƙarfin da ke fita. In aiki ya fi ci, kuma abin ya daɗe, sai ta riƙe saƙon. Manomi mai hankali ba ya zuba iri a ƙasar da ba ta sha ruwa ba, jiki ma haka. Ƙwai ba ya nuna, jini ya jinkirta ko ya ɗauke. Tsananin damuwa da rashin barci su ma suna yin haka. In kuma ciki ya shiga cikin wannan hali, sau da yawa jariri yana zuwa ƙarami, bai kai kilo 2 da rabi ba. Irin waɗannan jarirai su suka fi faɗawa hannun ciwo a watanninsu na farko.

Yanzu mu komo ga rumbu. A ƙauyuka da yawa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, in an gama kaka maigida yana rufe rumbun gandu, ya tafi cin rani Kano ko Ikko ko Agadas ko Libiya. Mace ta ci da kanta da ɗiyanta daga abin da ta samu a gamanarta, da ɗan abin da ta juya na sana'a. Ba za a buɗe rumbun ba sai ruwa ya sauka. Ban ce wannan wauta ce ba. Kakanninmu sun yi haka don kada hatsi ya ƙare a lokacin da ake bukatar ƙarfin noma, kuma duk wanda ya ga yunwar 2005 ya san darajar damin da aka ɓoye. Sai dai a zamaninsu gamana tana da faɗi. Yau gonaki sun tsuke, an raba su an sake rabawa. Wata macen gamanarta ba ta ba ta dami goma, wata ma ba ta da ita sam. An riƙe al'adar rufe rumbu, an mance da abin da ya sa take yiwuwa.

Kuma wa ke lissafa mai ciki da mai goyo kafin a sa makulli? Mai shayarwa tana bukatar ƙari kowace rana, kamar ƙwaryar fura guda mai nono bisa abin da ta saba ci. A gidajenmu kuwa ita ce ta ƙarshe ga ci. Ta zuba wa maigida, ta zuba wa baƙi, ta zuba wa yara, ta kankare tukunya.

Akwai kuma maganar wake. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noma wake a duniya. Amma da an sussuke, sai mu ɗora shi duka a mota ya tsallaka iyaka, lokacin da ya fi araha. Bayan wata biyar mu sayo tiya guda da tsada, ko mu haƙura. Wake nama ne na talaka, yana gina jiki, yana ƙara jini. Haka gujiya da ƙuli-ƙuli, da riɗi, da fara, da ƙwan zabi da damina, da nonon jar akuyarmu ta Maraɗi. Haka ganyen zogala da rama da yaɗiya da kuka. Duk a ƙasarmu suke, ba a kantin Nasara ba.

Bari in faɗi wadda za ta yi mana zafi, mu maza. Ranar kasuwa muna tsayawa wurin mai tsire mu ci na dala ɗari, mu share baki, mu komo gida da hannu biyu. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Alhali wadda ke zubar da jini kowane wata, kuma ta zubar wurin haihuwa, ta fi mu bukatar wannan tsoka da wannan hanta. Game da ƙwai kuma, cewa mai ciki in ta ci za ta haifi ɓarawo ko bebe, ban taɓa ganin ɓarawon da aka kama aka tarar ƙwai ne sanadinsa ba.

Ƙarancin jini ya yi yawa cikin matanmu har mun ɗauke shi kamar halitta. Babban binciken lafiya da aka yi a ƙasa a 2012 ya nuna mata 46 cikin 100 masu shekarun haihuwa suna da shi. Alamunsa: jiri, da kasala, da haki bayan ɗan aiki, da farin tafin hannu da cikin fatar ido. Jini yana bukatar sinadarin ƙarfe, wanda ke cikin nama da hanta da wake da ganye. Abu mai ɗan tsami kamar lemun tsami, ko tumatir ɗanye, ko garin ƴaƴan kuka, yana taimakon hanji ya tsotse ƙarfen. Shayi kuwa yana hana shi, don haka a bar tazara tsakanin tuwo da shayi, ko da awa guda. Ga manoma, a 2018 an fitar da wani irin hatsi a Nijar mai suna Chakti, aikin masu binciken ICRISAT tare da INRAN. Ya fi hatsin da muka saba sinadarin ƙarfe, kuma yana nuna da wuri. Ku tambayi malamin gona na yankinku. Zazzaɓin sauro da tsutsar ciki su ma suna shan jini, shi ya sa gidan sauro da awon ciki ba abin wasa ba ne. A 2006 gwamnati ta soke kuɗin awon ciki. Ko da wani lokaci a tarar magani ya yanke, zuwa ya fi zama.

Shayarwa ma aikin ƴan aiken nan ne. Duk lokacin da jariri ya kama nono, saƙo yana zuwa ƙwaƙwalwa: a ƙaro ruwa, kuma a dakatar da ƙwai. Shi ya sa mai goyo takan daɗe ba ta ga al'ada ba. Amma kada a dogara da wannan don hana sabon ciki sai da sharaɗi uku a haɗe: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ko ruwa, kuma al'ada ba ta komo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mace ta huta shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki. Ƙwayoyi da allurar tazarar haihuwa su ma hormon ne. Suna iya sa jini ya ragu, ko ya riƙa ɗigowa, ko ya ɗauke. Wannan ba ya nufin jini ya taru a ciki, kuma ba ya mai da mace juya, ko da yake bayan barin allura ciki yakan jinkirta wasu watanni. Wadda abin ya dame ta ta koma wurin ungozomar likita, akwai wasu hanyoyin.

Duk wannan maganar ƙauye ce. A birni matsalar ta juyo da wata fuska. A Yamai da Maraɗi da Damagaram za ka ga gidan da ba yunwa, amma ci ya koma shinkafa da taliya da burodi da lemun kwalba da shayi mai sukari kamar zuma. Daka ta koma inji, tafiya ta koma kabu-kabu. Sukari in ya yi yawa cikin jini kullum, ɗan aiken da ke kula da shi, mai suna insulin, sai jiki ya daina jin maganarsa. Daga nan ciwon sukari yake kamawa. Ga wasu mata kuma, wannan rikici yana tafiya tare da rikicin gidan ƙwai: al'ada ta riƙa tsallake watanni, gashi ya fito a haɓa, ƙuraje su cika fuska, ciki ya yi wuyar samuwa. Akwai gado a cikin wannan ciwo, ba laifin mace ba ne. Amma rage sukari, da komawa ga tuwon hatsi da wake da ganye, da tafiyar ƙasa ta rabin awa kowace rana, suna taimakawa ƙwarai, har al'adar wasu ta daidaita.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayoyin ƙiba. Mun ɗauka cewa mace mai jiki ita ce shaidar mijinta yana ciyar da ita. Saboda haka amare da masu jego suna sayen ƙwayoyi wurin masu talla a faranti, ba takardar lokotoro. Ɗaya cikinsu sunanta dexamethasone. Magani ne na gaskiya, mai ƙarfi, ga wasu cututtuka. Yana kwaikwayon hormon ɗin da gaɓoɓin bisa ƙoda suke yi. Mai shan sa kullum fuskarta tana cika ta yi kamar faifai, ciki da doron wuya su yi kitse, ƙafafu su sirance, fata ta tsattsage. Wannan kumburi ne da ruwa da kitse marar amfani. Bayansa hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi, da rikicewar al'ada. Da yawa cikin mayukan sa fata ta yi fari su ma akwai dangin wannan magani a ciki, kuma yana ratsa fata ya shiga jini. Ƴar'uwa, in kin daɗe kina sha, kada ki bari rana ɗaya, domin gaɓoɓinki sun yi barci, yankewa kwatsam tana iya kayar da ke. Ki je likita ki faɗi gaskiya, a rage miki sannu-sannu. Mu kuma maza, mu daina yabon abin da ke kashe su.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce cimaka tana warkar da komi ba. Mace da yawa ba ta haihuwa ne domin ciwon sanyi da ba a yi wa magani ba ya toshe hanyar ƙwai, kuma sau da yawa miji ne ya kawo shi gida. Sau da yawa kuma matsalar ga namijin take. Kafin a kira mace juya, a yi mata kishiya ko a ba ta takarda, a auna su biyun. Haka nan jinin da ya wuce mako, ko mai guda-guda da yawa, ko jini bayan kwanciya da miji, ko ƙullutu a nono, ba maganar wake da zogala ba ce, ta likita ce, kuma da gaggawa. Tsakanin shekara 45 da 55 al'ada tana ɗaukewa gaba ɗaya. Mace ta riƙa jin zafi yana taso mata, da zufar dare, da saurin fushi. Wannan halitta ce, ba iskoki ba. Amma in ta yi shekara cur ba jini sannan ya komo, kada a jira, a kai ta a duba bakin mahaifa.

Na bar maganar gishiri daga ƙarshe da gangan, domin ita ce mafi araha, kuma ita muka fi sakaci da ita.

Gaɓar nan ta gaban wuya, wadda ake kira tiroyid, ita ke auna saurin aikin jiki duka, kamar mai iza wuta a murhu. Ba ta iya yin hormon ɗinta sai da wani sinadari mai suna iyodi, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira aidin. Abin da mutum yake bukata duk tsawon ransa bai wuce ƙaramin cokali guda ba, amma dole ya riƙa samun ɗan kaɗan kullum. Kifin teku yana da shi da yawa. Mu kuwa muna nesa da teku, kuma ƙasar gonakinmu ba ta da shi isasshe. In gaɓar ta rasa iyodi, sai ta yi ta kumbura don neman sa. Wannan shi ne maƙoƙo. Ya fi kama mata, domin balaga da ciki da shayarwa suna ƙara bukatar. A binciken da aka yi cikin makarantun ƙasarmu a 1994, an tarar fiye da yaro ɗaya cikin uku yana da shi, babba ko ƙarami.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. A yammacin Sudan, inda hatsi ne cimakar kullum kamar nan, masana sun gano cewa hatsi yana da wani abu mai rage wa wannan gaɓa ƙarfi in iyodi ya yi ƙaranci. Rogon da ba a jiƙa ya tsumu da kyau ba shi ma haka. Wannan ba dalilin barin hatsi ba ne, hatsi shi ne ranmu. Dalili ne na cewa mai cin hatsi ya fi kowa bukatar gishiri mai iyodi.

Kumburin wuya shi ake gani, amma ɓarnar da ba a gani ta fi shi. Macen da wannan gaɓa tata ta yi rauni tana jin sanyi ko da bazara, ga kasala, ga bushewar fata, ga al'ada mai yawa ko marar tsari. Ciki yakan zube, ko a haifi jariri ba rai. Wanda ya rayu kuma, ƙwaƙwalwarsa tun cikin ciki take ginuwa da wannan hormon na uwa. In ya rasa, yakan taso da nauyin fahimta, kuma ba a gyara wannan daga baya. Mu da muka tsaya gaban allo mun ga irin yaran nan. Ana dukansu ana ce musu daƙiƙai, alhali tun kafin a haife su aka rage musu rabo. Sai dai ba kowane maƙoƙo ne na rashin iyodi ba. Wani gaɓar ce ke aiki fiye da kima: zuciya tana bugawa, ga zufa, ga rama duk da ci, idanu su firfito. Kuma tsohon maƙoƙo babba ba ya narkewa da gishiri. Duk kumburin wuya a nuna wa lokotoro.

Tun tsakiyar shekarun 1990 gwamnati ta yi doka cewa gishirin ci sai mai iyodi. Amma har yanzu a kasuwannin ƙauye ana auna gishiri a buɗe, ba a san asalinsa ba. Gishirin Bilma da na Foga gishirinmu ne na gado, dabbobi suna son sa, amma yadda ake haƙo shi ba a zuba masa iyodi. Ma'aikatan lafiya suna da wani ruwa da ake ɗiga wa gishiri. In akwai iyodi sai wurin ya koma shuɗi, in babu ya tsaya fari. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991, suna iya roƙon a zo a gwada gishirin kasuwar garinsu, sannan su haɗa kuɗi su sayo buhun kirki su raba.

Iyodi yana gudu in ya sha rana, ko zafi, ko laima. A sa gishiri cikin gwangwani ko kwalba mai murfi, nesa da murhu. Kada a wanke shi. A zuba shi in miya ta kusa sauka. Kuma mai iyodi ba ya nufin a ƙara yawa: ƙaramin cokali guda a yini ya ishi babban mutum, har da wanda ke cikin dunƙulen miya, domin gishiri da kanwa masu yawa suna kawo hawan jini.

Ƙaƙa za ka gane shi a kasuwa? Yanzu kun iya karatu. Ku ɗauki leda ko buhun ku duba. Ko da Faransanci aka rubuta ko da Ingilishi, kalmar tana farawa da haruffa uku iri ɗaya: I, O, D. In mai kanti ya ce duk gishiri ɗaya ne, ku ce ya nuna muku buhun da ya ɗebo shi.